DABINON TEKU: HALITTAR DA KE HUDA DUTSE TA YI GIDA

A bakin Bahar Rum, daga Italiya zuwa Girka da Tunisiya, akwai wata 'yar halitta wadda tsawonta bai wuce na yatsa ba, ba ta da haƙori balle farce, amma kuwa ita ke huda dutse ta shige ciki ta zauna har iyakar ranta. Mutanen Italiya suna kiranta dabinon teku, domin ɓawonta dogo ne, ja-ja mai duhu, wanda duk ya gan shi sai ya ɗauka ɗan dabino ne aka jefa a ruwa. Masana kuwa suna kiranta Lithophaga lithophaga, watau mai cin dutse da harshen Girkanci. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya fara shigar da ita cikin lissafin halittu a shekarar 1758.

Ita dai dangin ƙumba ce, irin mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa. Ana samunta a ko'ina cikin Bahar Rum, da Bahar Maliya, da kuma gaɓar Tekun Atlantika daga Fotugal zuwa Senegal. Ta fi yawa a ruwa marar zurfi, inda akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi.

YADDA TAKE HUDA DUTSE

Ko da yake an sa mata suna mai cin dutse, ba dutsen take ci ba. Abincinta 'yan ƙananan tsirrai ne da ƙwayoyin halitta masu yawo cikin ruwa, waɗanda ido ba ya gani. Takan zuƙo ruwa ta bakin raminta, ta tace abin da ke ciki, sa'an nan ta fesar da sauran.

Aikin hudawa kuwa da wani ruwa take yinsa, wanda ke fitowa daga naman da ya lulluɓe jikinta. Wannan ruwa yana narkar da sinadarin alli da ke cikin dutsen kaɗan-kaɗan. Ɓawonta ma da irin wannan sinadari aka gina shi, amma wata fata mai kauri ta rufe shi, saboda haka ba ya narkewa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a samunta a cikin dutse mai tauri wanda ba na alli ba, domin makaminta ba ya cinsa.

Da bazara, sa'ad da ruwa ya yi ɗumi, maza da mata sukan saki iri da ƙwai cikin teku. 'Ya'yan sukan yi ta yawo tare da igiyar ruwa, har wanda ya tsira ya sami tsaguwa a jikin dutse ya manne. Daga nan sai ya fara haƙa. Yana girma yana faɗaɗa ɗakinsa daga ciki, ƙofar kuwa tana nan ƙarama yadda take. Kafin a jima jikinsa ya fi ƙarfin ƙofar, ba sauran fita. Ramin da ya tsare shi daga kifi da ƙaguwa shi ne kuma kurkukunsa.

Abin da ya fi muhimmanci a rayuwar wannan halitta shi ne jinkirin girma. Takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta kai tsawon inci 2, an kuma sami waɗanda suka haura shekara 50 a duniya.

SHAIDAR GINSHIƘAI UKU

A garin Pozzuoli, kusa da Napoli, akwai kufan wata kasuwa ta zamanin Rumawa, wadda aka tono a shekarar 1750, aka daɗe ana zaton ɗakin bautar gunki Serapis ne. Ginshiƙai uku na marmara suna tsaye a wurin, kowanne wajen ƙafa 40. Daga gindi zuwa ƙafa 12 jikinsu sumul yake, amma daga nan zuwa sama, misalin ƙafa 9, duk ramukan dabinon teku ne.

To, halittar da ba ta rayuwa sai cikin ruwan gishiri, me ya kai ta tsakiyar ginshiƙin da ke tsaye a tudu? Amsar ita ce ƙasar wurin ta taɓa nutsewa cikin teku, ginshiƙan na tsaye. Ƙasa da toka sun binne gindinsu sun kare shi, dabinon teku ya huda sashen da ke cikin ruwa, daga baya ƙasar ta sāke tasowa. Masanin duwatsu na Birtaniya, Charles Lyell, ya sa hoton ginshiƙan a farkon littafinsa na shekarar 1830, don ya nuna cewa doron ƙasa yana hawa yana sauka a hankali. Yau an san cewa wutar da ke ƙarƙashin yankin ke jawo haka. Tsakanin 1982 da 1984 ma garin ya ɗaga da kusan ƙafa 6, har aka kwashe dubban mutane daga gidajensu.

DAƊIN NAMA YA JAWO ƁARNA

Tun zamanin da mutanen Bahar Rum suke sha'awar namanta. Sai dai babu yadda za a ciro ta ba tare da an farfasa dutsen ba. Masu nutso sukan shiga da guduma, wasu da injin fasa dutse, wasu har da nakiya. A kan kwano guda na abinci sai a kashe duk ciyayi, da soso, da murjani, da ƙananan dabbobin da ke manne a wurin. Bayan haka bushiyar teku takan mamaye dutsen tana cinye duk tsiron da ya fito, wurin ya zama fako, kifi ya ƙaura. Masunta na halal su ke kwana a ciki. A gaɓar Puglia ta kudancin Italiya an lalata wurare masu nisa ta wannan hanya, gyaruwarsu kuwa sai an yi shekaru gommai.

Gwamnatin Italiya ta hana kama ta a shekarar 1988. Ƙasashen Tarayyar Turai sun sa ta cikin halittun da ake tsarewa a 1992, a 2004 kuma aka shigar da ita cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Wata dokar Turai ta 2006 ta haramta kama ta, da ajiye ta, da sayar da ita. Duk da haka tsadarta a kasuwar bayan fage ta hana ɓarayi dainawa. A 2021 hukumomin Napoli suka kama wata ƙungiya bisa zargin farfasa gindin shahararrun duwatsun tsibirin Capri.

KO TA DACE DA AKWATIN GILASHI?

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sukan yi marmarin irin wannan halitta, wani lokaci ma 'yan'uwanta na tekuna masu zafi sukan iso a ɓoye cikin dutsen murjani da aka saya. Amma ba abar kiwo ba ce. Da farko, mai ita ba zai ga komai ba sai bakin rami. Na biyu, na'urar tace ruwa tana kwashe ainihin abincinta, don haka sai yunwa ta yi ta cinta a hankali, in ba ana zuba mata abinci na musamman kullum ba. Na uku, idan ta mutu a cikin rami ba a gani balle a cire, sai ta ruɓe ta ɓata ruwan, kifayen su sha wahala. In an fasa dutsen an fito da babba kuwa, da wuya ta sāke yin wani gida. A kan duk wannan ga doka, wadda ta hana mallakar irin ta Bahar Rum.

Hanyar da ta rage ga ɗalibi ko mai sha'awa ita ce ya dubi ɓawonta a gidan tarihi, ko ya ga ramukanta a jikin duwatsun gaɓa. Ga ma'aikatan da aka ɗora wa tsaron albarkatun ƙasa kuwa, labarin Italiya abin lura ne: an kafa doka tun 1988, amma bayan shekara 33 ana nan ana kama masu guduma, domin muddin akwai mai saye a kan tebur, ba za a rasa mai nutso a ƙarƙashin ruwa ba.