Kula da rufin kwano daga hunturu zuwa damina

A arewacin Najeriya, babban aikin kula da rufin kwano ana yin sa ne tun kafin saukar ruwan farko.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu da busassun ganye kan taru a kan kwano da indararo. Idan ba a share ba, sukan riƙe danshi har tsatsa ta kama.

Zafin bazara kuwa kan sa kwano ya buɗe da rana, ya tsuke da dare, har ƙusoshi su saki. Ta nan ne iskar farkon damina ke yaye rufi.

Saboda haka a watan Afrilu ya kamata kafinta ya sauya ƙusoshin, ya toshe wuraren yoyo, ya kankare tsatsa, sannan a shafa fenti. Da kaka kuma a sake dubawa.