Kumburin Babbar Jijiyar Jini: Haɗarinsa da na Aikin Gyaransa

A jikin ɗan Adam babu jijiyar jini da ta kai girman wadda ta fito daga zuciya, ta lanƙwasa a ƙirji, ta gangara ta gaban ƙashin baya har daidai cibiya, inda ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Faɗinta a cikin cikin mai lafiya kimanin santimita 2 ne. To, wani lokaci bangonta yakan yi rauni, ya riƙa buɗewa sannu a hankali, kamar yadda robar cikin tayar keke takan kumbura a inda ta yi laushi. In faɗin ya kai santimita 3, likitoci sukan ce an sami kumburi. Galibi a ciki yake aukuwa, ƙasa da mahaɗar jijiyoyin ƙoda.

Cutar ta fi kama maza waɗanda suka kai shekara 65, musamman mashaya taba, da masu hawan jini, da waɗanda aka taɓa samunta a danginsu. A zamanin da, tunjere yakan jawo ta a ƙirji. A wasu ƙasashen Afirka kuma an gan ta ga matasa masu ƙanjamau.

Abin tsoro game da ita shi ne shirunta. Mutum yakan shekara da shekaru yana harkokinsa bai san yana ɗauke da ita ba, sai ran da ta fashe. A ranar zai ji matsanancin ciwo farat ɗaya a ciki ko a baya, gumi ya keto masa, jiri ya ɗebe shi, domin jini yana tsiyaya a cikin jikinsa. Cikin mutum 10 da haka ta same su, kimanin 8 ba su tsira, da yawansu ma ba su kai asibiti ba. Ita ce ajalin masanin kimiyya Albert Einstein a 1955, da Janar Digol na Faransa a 1970. Ko ba ta fashe ba, gudan jini yakan ɓalle daga cikin kumburin ya toshe jijiyar ƙafa, har yatsu su yi baƙi. Na ƙirji kuwa yakan danne maƙwabtansa, murya ta dushe, haɗiya ta yi wuya.

Lalle ne jama'a su lura da wannan: duk wanda ya ji wani ƙullutu a cikinsa yana bugawa kamar zuciya, kada ya yarda a yi masa sakiya ko ƙaho, kada kuma a daddanna shi. Hoton ciki na minti kaɗan ya isa ya nuna gaskiyar al'amari. A Ingila ma akan gayyaci kowane namiji a yi masa wannan hoto a shekarar da zai cika 65.

Ba kowane kumburi ake yi wa tiyata ba, domin ita kanta tiyatar tana da nata haɗarin. Ƙaramin kumburi akan sa masa ido ne kurum. Sai ya kai santimita 5.5 ga namiji, ko ya ƙaru da fiye da santimita 1 a shekara, ko ya soma ciwo, sa'an nan haɗarin barinsa ya rinjayi na taɓa shi.

Tsohuwar hanya ita ce a tsaga ciki, a matse jijiyar sama da ƙasa, a ɗinka bututun roba a madadin wurin da ya lalace. Charles Dubost ne ya fara cin nasarar irin wannan aiki a Faris a 1951, amma shi da jijiyar mamaci ya yi amfani. Aiki ne babba ƙwarai. Tsayar da jini na ɗan lokaci yakan wahalar da zuciya, ƙoda tana iya tsayawa, wani sashe na hanji yana iya mutuwa. Akwai zubar jini, da ciwon huhu, da gwaiwa a wurin ɗinki daga baya. In a ƙirji aka yi, laka tana iya rasa jini, ƙafafu su shanye. Duk da haka, in an shirya aikin a tsanake, waɗanda ke rasuwa kimanin 3 zuwa 5 ne cikin 100. A gwada wannan da 8 cikin 10 da muka ambata.

Sabuwar hanyar, wadda Juan Parodi ya yi a Ajantina a 1990, ba ta bukatar tsaga ciki. Ta matsematsi ake zura bututu mai ragar ƙarfe, a buɗe shi a cikin kumburin, jini ya riƙa bi ta cikinsa. Masu rasuwa a makonnin farko 1 zuwa 2 ne cikin 100, kuma akan sallami mutum cikin 'yan kwanaki. Sai dai bututun yana iya gocewa, ko jini ya riƙa yoyo ta gefensa, kumburin ya ci gaba da girma a ɓoye. Saboda haka wanda aka yi wa wannan aiki zai riƙa komawa ɗaukar hoto muddin ransa. Mutumin da garinsu yake nesa da babban asibiti ya kamata ya gaya wa likita haka tun kafin a zaɓa masa hanya.

Wanda aka ce a sa wa kumburinsa ido, wajibi ne ya bar taba ɗungum, domin tana gaggauta girmansa, ya riƙa shan maganin hawan jini yadda aka umurta, ya kuma sanar da 'yan'uwansa na jini don su ma a duba su.