Wa Ya Haukata Dawakin Kolorado?

A ƙarshen ƙarni na 19, makiyayan yammacin Amurka sun shiga wani hali da ya ɗaure musu kai. Doki lafiyayye, wanda aka saba hawa, sai a ga idonsa ya ƙafe, gashinsa ya dusashe, yana tafiya yana tangaɗi. In ya ga ɗan kara a ƙasa sai ya daka uban tsalle ya ƙetare shi. A ja masa linzami, ya miƙe tsaye ya faɗi da baya. Shanu da tumaki kuwa sai rama, sai ɓari, waɗanda suka haihu ma wani lokaci 'ya'yan su zo da karkatattun ƙafafu.

Makiyayan ba su ɓata lokaci ba wajen nuna wanda suke zargi: wata ciyawa dangin wake da suke kira loko, wadda masana tsirrai suka kasa gida biyu, Astragalus da Oxytropis. Jihar Kolorado ta yarda da su har ta sa lada ga duk wanda ya tono ciyawar ya kawo, kuma tsakanin 1881 da 1885 ta kashe kusan dala 200,000 a kan haka. Kuɗi suka tafi, loko na nan daram.

Sai dai zargi ba hujja ba ne. Akwai dabbobin da suka ci ciyawar ba abin da ya same su, masu binciken sinadarai kuma sun tace ta ba su ga dafi ba. Wasu suka ce ai yunwa ce kawai da tsutsar ciki. A 1905 ma'aikatar gona ta Amurka ta tura C. Dwight Marsh garin Hugo a Kolorado, ya yi abin da ya kamata a yi tun farko: ya raba dabbobi, wasu a makiyayar da ke da loko, wasu a wadda babu. Masu cin loko suka kamu, sauran suka zauna lafiya. Rahotonsa na 1909 ya tabbatar da maganar makiyaya. To amma mene ne a cikin ciyawar?

Nan aka yi ta lalube cikin duhu. A 1908 Albert Crawford ya ɗora laifin a kan sinadarin bariyam, daga baya aka ga ba shi ba ne. Aka koma kan seleniyam, kuma wannan zargin yana da ƙamshin gaskiya, don wasu nau'o'in Astragalus suna tara shi daga ƙasa har su kashe dabba. Amma wannan wata cuta ce daban, domin loko marar seleniyam ma tana haukatarwa. Shekara saba'in ana wannan kewaye.

Bakin zaren daga Ostareliya ya fito. A can ma akwai wani tsiro dangin wake, Swainsona, da ke sa tumaki da shanu irin wannan tangaɗi. Da likitocin dabbobi suka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da na'urar ganin ƙananan halittu, sai suka ga ƙwayoyin halittar sun kumbura, cike da 'yan ƙurajen ruwa. Sun taɓa ganin irin wannan a wani wuri: a jikin maruƙan shanun Angus masu wata cutar gado, waɗanda ake haifa ba su da wani sinadari mai suna manosides. Aikinsa shi ne farfasa ragowar sukari a cikin ƙwayar halitta. In babu shi, ƙwayar ta zama gidan da aka daina kwashe wa shara, ta cika har ta kasa aiki. Ke nan tsiron yana ɗauke da abin da ke ɗaure wannan sinadari. A 1979 Colegate da Dorling da Huxtable na Jami'ar Murdoch suka ware shi, suka sa masa suna suwensonin. A 1982 Russell Molyneux da Lynn James suka same shi a cikin loko ta Amurka.

Da an rufe magana a nan, sai dai tsohuwar tambayar ba ta mutu ba. Me ya sa loko iri ɗaya, ta wannan fili tana da dafi, ta wancan kusan babu? A 2003 masu bincike a Jami'ar Jihar Niyu Meksiko, ƙarƙashin Rebecca Creamer, suka nuna cewa wata fumfuna da ke zaune a cikin jikin ciyawar, ba tare da ta cutar da ita ba, ita ke haɗa dafin. Tana bin ɓawon iri daga uwa zuwa 'ya. A ɓare ɓawon a shuka ƙwayar, sai a sami loko marar dafi.

A gefe guda kuma an warware wani tsohon camfi, wai dabba in ta ɗanɗana loko ba ta iya bari. Gaskiyar ta fi haka sauƙi: loko na rigan sauran ciyayi tsirowa bayan sanyi, dabba mai yunwa ta ga kore ta afka, 'yan uwanta su koya daga gare ta. Sai ta yi makonni tana ci kafin alamu su bayyana. In an janye ta da wuri jiki na murmurewa, amma ƙwaƙwalwar da ta lalace ba ta dawowa, shi ya sa ba a sake amincewa da hawan dokin da ya taɓa kamuwa.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar Turawa ce. Wannan dafin yana cikin Ipomoea carnea, itacen nan mai fure ruwan hoda da ake shinge da shi a ƙasashe masu zafi, wanda ke zama kore har cikin rani, kuma an tabbatar ya kashe awaki a Sudan da Mozambik da Barazil. Duk mai akuya da ya ga tana tangaɗi da kaɗa kai a ƙarshen rani, ya duba abin da take ci a bakin shinge, ya ɗauke ta daga wurin, ya nemi likitan dabbobi tun kafin ta kwanta.