Tsohuwar Mota: A Gyara ko A Rabu da Ita?

A ƙasar Kebbe da Tambuwal mota takan daɗe tana aiki fiye da yadda maƙeranta suka zata. Golf ɗin da ke lodin fasinja da buhunan hatsi daga Kuchi zuwa Tambuwal, ko su bi babban titin Jega zuwa Sakkwato, da yawansu ƙirar shekarun 1990 ne, sun gama yayinsu a Turai kafin su iso nan. Jefi-jefi ma akan ci karo da Peugeot 504, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Duk mai irin wannan mota, wata rana bakanike zai dube shi ya ce, "Alhaji, sai an sauke inji." A ranar ne lissafi ke tasowa.

A da, shawarar ba ta da wuya: a sayar, a cika kuɗi, a ɗauko wata daga Kwatano. Abubuwa sun sauya. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin fetur, wata mai bi masa aka saki Naira, dalar da ba ta kai Naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Motar Beljiyam da dala ake sayo ta. Yau wanda ya sayar da tsohuwar motarsa yakan tarar kuɗin ba su kai shi ko'ina ba, sai ya koma hawan babur. Saboda haka gyara ya fi rinjaye a mafi yawan lokuta.

Amma ba kowane ciwo ne ke jin magani ba, kuma mutane sun fi tsorata da wanda bai kai abin tsoro ba. Inji ana canza shi. In salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa kullum, ringi ne suka cinye. In hayaƙin fari ne mai kauri, ruwan lagireto na ƙonewa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, gaskit ya ƙone. Duka biyun aikin bakanike ne. Ko inji ya buga gaba ɗaya, ana samun na Beljiyam a Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna.

Abin dubawa yana ƙasa. A hau da motar kan rami, a shiga da tocila. A ɗaga kafet a taɓa ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar direba. A bi shasi a ga ko walda ta hau kan walda, musamman inda shokazoba ke zama. Hanyoyin ƙauyukan Kebbe da damina, ga laka ga lodi fiye da kima, nan suke cin mota. In ƙofa ta daina rufuwa sai an ɗaga ta, taya na cinyewa gefe guda duk da an yi saiti, to ƙashin motar ya goce. A ganina, saka sabon inji a irin wannan jiki asarar kuɗi ce, kuma kasada ce da ran mutane.

Sai kuma lissafin da ba a cika yi ba. Direban haya ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta kuɗin gyara na shekara guda, ya haɗa da kuɗin motar zuwa neman kaya, da ranakun kasuwar da suka wuce motar na kwance a gareji. Golf tana da sauƙi a nan, domin kayanta sun wadata kuma kanikawan gari sun san ta ciki da bai. Motar da komai nata sai an jona kwamfuta, ƙaramar matsala ma sai ta kwana a Sakkwato.

In shawara ta tsaya kan rabuwa, a sayar tun tana tashi da kanta, domin in ta kwanta sai 'yan gwangwan, su kuwa nauyin ƙarfe suke saye. A faɗa wa mai saye aibinta, a yi takardar ciniki gaban shaidu, a canza sunan mallaka. Wanda kuma ya zaɓi riƙewa, don Allah ya fara da birki da sitiyari da tayoyi kafin fenti.