Ɗalibi ya ajiye kwas: shin ƙofar karatun likita ta rufe ke nan?

Tambayar da shirinmu na ilimi ya ɗauka a wannan makon ta daɗe tana zuwa mana daga iyaye a Aboabo, Asawase da Zangon Ayigya. Yaro yana son zama likita, amma a wani mataki na karatunsa ya ajiye wani darasi, ko ya dakata tsakiyar simesta. Shin wannan zai hana shi shiga makarantar likitanci? Amsar ta dogara ne a kan inda ya ajiye, da kuma yadda ya ajiye. Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna ga waɗanda ba su samu saurare ba.

Mu fara da sakandare, don nan ne ɓarnar ta fi yawa kuma ba a cika lura ba. Jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, wadda kowa ke kira Tek, tana duba darussa shida a sakamakon WASSCE: Turanci, lissafi da kimiyya na dole, sai uku na zaɓi. Ga mai neman likitanci, bayoloji da kemistiri ba makawa, sannan fiziks ko lissafin zaɓi. Kowane A1 maki ɗaya ne, don haka jimilla 6 ita ce mafi kyau, kuma likitanci a kusa da nan yake tsayawa. Bayan haka ma akwai tantancewa. To yaron da ya ji bayoloji ta yi masa nauyi a aji ɗaya ya musanya ta da wani darasi, ko ya ci A1 a komai, takardarsa ba ta cika ba. Gyaran shi ne ya zauna jarrabawar masu zaman kansu, wadda muke kira Nob-Dek, ya cike giɓin. Shekara guda ta tafi, kuɗin lesin ma sun tafi. Uba, kafin ka sa hannu a takardar canjin darasi, ka tambayi malamin: wace ƙofa wannan canjin zai rufe?

Sai wanda ya riga ya shiga jami'a. Da yawa cikin 'ya'yanmu sun nemi likitanci aka ba su wani fannin, misali bayokemistiri, suka karɓa da rabin zuciya. Wata uku a ciki sai ka ji yaro ya ce zai bari ya sake nema baɗi. Idan zai sake nema da WASSCE ɗinsa ne, takardar ce za a auna, kuma in makin da bai isa bara ba shi ne dai a hannunsa, me ya canja? Mu a ganinmu, kada kowa ya saki gurbin da ke hannunsa sai takardar sabon gurbin ta iso. Kada a saki reshe a kama ganye.

Inda maganar ajiye kwas ta fi nauyi shi ne hanya ta biyu, wato shiga likitanci bayan an gama digirin farko. Jami'ar Gana da ke Legon tana da wannan tsari a makarantarta ta Korle Bu, Jami'ar Kef Kos ma tana da irinsa. A nan ba WASSCE kaɗai ake dubawa ba. Ana buɗe kundin makin ɗalibi na shekara huɗu, simesta bayan simesta, kuma duk abin da ya faru yana rubuce a ciki.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne, kundin yana bambanta wanda ya nemi izini da wanda ya ɓace kawai. A Legon, ɗalibin da ya kasa kammala kwas bisa dalilin da hukuma ta yarda da shi, kamar rashin lafiya, ana rubuta masa harafin I, ma'ana bai kammala ba, zai dawo ya ƙarasa. Wanda bai kammala ba kuma babu dalili karɓaɓɓe, X ake ba shi, ita kuwa faɗuwa ce. A Tek lissafin da kashi cikin ɗari ake yi, ana tara matsakaicin maki tun daga simestar farko har ta ƙarshe: 70 zuwa sama daraja ta ɗaya, 60 daraja ta biyu babba, 50 ta biyu ƙarama. Ka yi rajistar kwas, ka ƙi shiga jarrabawa ba tare da takarda ba, kwas ɗin ya zama bashi a wuyanka, kuma yana jan matsakaicinka ƙasa. Ɗalibin da ke kan 61 zai iya gangarowa ƙasa da 60 a kan kwas guda mai nauyi, darajar digirinsa ta sauya. A gasar da ake rububin gurabe kaɗan, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nan ne muke da matsala a Zango, gaskiya ɗaya ce. An yi rasuwa a gida, ko jarin uwa ya karye a Kejetiya, ko kuɗin makaranta ba su haɗu ba, sai yaro ya tattara kayansa ya dawo gida shiru. Kunya ta hana shi zuwa ofishin shugaban sashe. Alhali jami'a tana da tsarin ɗage karatu: ka rubuta takarda a makonnin farko na simesta, ka bayyana dalili, in rashin lafiya ce ka haɗa da shaidar asibitin jami'a, ka jira amsa a rubuce. Ka kuma adana kwafin amsar, don wata rana a gaban masu tantancewa za a tambaye ka me ya faru a shekarar nan da babu maki. Mai takarda zai amsa cikin jimla biyu a wuce. Sai dai a sani, ɗan shekarar farko ba kasafai ake ba shi wannan dama ba in ba don jinya ba, don haka ya karanta littafin dokokin ɗalibai tun ranar da aka miƙa masa.

'Yan'uwanmu da ke Amurka, musamman na unguwar Buronks a Niyok, sun aiko da tasu tambayar. Can tsarin daban ne, galibi sai an gama digirin farko ake shiga likitanci. Wanda ya janye daga kwas kafin wa'adi ya cika ana sa masa W, kuma ba ta shiga lissafin matsakaicin maki a takardar neman gurbi. W ɗaya ko biyu masu dalili ba su cika hana mutum shiga ba. Abin da ke sa a ɗaga gira shi ne a ga duk simestar da kemistiri ko fiziks ta yi zafi sai ɗalibi ya janye. In kwas ɗin na dole ne, tilas ya sake ɗauka, kuma ya ci da kyau.

Hikimar duk ɗaya ce a Kumasi da can. Karatun likita a Tek shekara shida ne, rabinsa na ƙarshe a ɗakunan jinya na asibitin Komfo Anokye, wurin da mu 'yan Kumasi muke kira Ji. Masu ɗaukan ɗalibai suna neman wanda zai jure wannan doguwar tafiya, shi ya sa suke duba ko tangarɗar sau ɗaya ce ko ta zama ɗabi'a, da kuma yadda makin ya kasance bayan an dawo.

Masu saurarenmu na Kano, Zariya da Maraɗi, dokokin jami'o'inku ba lalle su zo ɗaya da na Gana ba. Kafin ɗalibi ya daina shiga aji, ya je wurin jami'in jarrabawa na sashensa ya tambayi abu biyu: ranar ƙarshe ta janyewa, da kuma harafin da za a rubuta a kundinsa in ya janye bayan wannan ranar.