Gadon Kitse a Jini da Shanyewar Ɓarin Jiki: Darasi daga Kolambiya

Shanyewar ɓarin jiki na faruwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai don jijiya ta toshe ko kuma ta fashe. Toshewa ta fi yawa, kuma sau da yawa wani kitse da ake kira kolestarol ne ke taruwa a bangon jijiya, tamkar yadda tsatsa ke cike bututun ruwa.

Shi kitse ba ya narkewa cikin jini, don haka wasu sinadaran furotin ne ke dakonsa zuwa hanta. Umarnin ƙera ɗaya daga cikinsu yana cikin ƙwayar gado mai suna APOE, wadda ke kan kuromozom na 19. Tana da iri uku: E2 da E3 da E4, kuma kowa yana gadon ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. E3 ta fi yawa a duniya. Masu E4 kuwa, galibi kolestarol mai cutarwa ya fi yawa a jininsu, abin da kan ɗan ƙara haɗarin toshewar jijiya.

To, me ya sa Kolambiya, wadda ke Kudancin Amurka, ta cancanci nazari na musamman? Dalili shi ne jama'arta haɗin jini uku ne: 'yan asalin nahiyar, da Turawan Sifen, da 'yan Afirka da aka sauke a matsayin bayi a tashar Kartahena. A lardin Coko jinin Afirka ya rinjaya, a Antiyokiya kuwa na Turawa. Tun da E4 ta fi yawa a tsakanin 'yan Afirka, rabonta kan bambanta daga yanki zuwa yanki. Ga shi kuma yawancin binciken ƙwayoyin gado a kan Turawa aka yi. Likitan da ya ɗauki sakamakonsa kacokan ya ɗora a kan mutumin Coko yana iya kuskuren auna haɗarin da ke kansa.

Sai dai mai karatu ya lura, gado ba hukunci ba ne. A 2016, binciken INTERSTROKE da ya shafi ƙasashe 32, har da Kolambiya da Nijeriya, ya nuna cewa abubuwa goma da ake iya gyarawa ke da alhakin kimanin kashi 90 cikin 100 na cutar. Hawan jini ne kan gaba. Akwai kuma rashin motsa jiki, da kitsen jini, da shan taba. Wanda cutar ta taɓa kama iyayensa, shi ya fi kowa buƙatar zuwa awon jini da wuri.