BINDIGAR TOKA A FIM: Sai an koma wajen maƙeri

Da zarar an ce za a yi fim na tarihi, hankalin furodusa kan tafi ga dawaki da rawuna da alkyabba. Bindiga kuwa sai ranar shutin ake tunawa da ita, a sa kafinta ya haɗa katako da fayif, a shafa baƙin fenti, shi kenan. Amma ɗan kallon da ya tashi a Dayi ko ƙauyukan Malumfashi da Funtuwa, inda ya saba ganin bindigar toka a kafaɗar mafarauta, kallo ɗaya zai yi ya ce wannan ta bogi ce.

Ita dai bindigar toka ta baki ake ɗura mata albarushi. Turawa na kiran ta da sunan mutanen Danmak, waɗanda su ka yi cinikin ta a gaɓar tekun Gana kafin su sayar wa Ingila da sansanonin su a 1850. Ta Sahara ma ta shigo, domin tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya ke da 'yan bindiga da Turkawa su ka horar.

To ina sirrin kamannin ya ke? A wajen ɗora ƙarafa ne. Bayan an sassaƙa ƙota, sai a fafe gurbin da bututu zai kwanta. Gwanin maƙeri kan shafa wa ƙarfen baƙin tukunya ya danna shi a kan itacen. Duk inda baƙi ya fito, nan ne ya tokare, sai ya ƙara kankarewa kaɗan-kaɗan har ya zauna daram. Haka zai yi wa kunama da ƙarfen da ke kare ta. Daga nan sai zobban tagulla masu ɗaure bututu da ƙota, da siririn ƙarfen danna albarushi a ƙasa, sannan fata da layu. Waɗannan su kyamara ke ɗauka idan an matso kusa.

Akwai kuma batun zamani. Fim ɗin da ke ba da labarin jihadin 1804 bai kamata a ga bindiga mai 'yar hular tagulla a ciki ba, don sai wajen 1820 irin ta ta fara yaɗuwa a Turai. Ta lokacin mai dutsen ƙyastu ce.

Babban abin lura shi ne rai. A 1993 bindigar fim ta kashe jarumi Brandon Lee a Amurka, a 2021 kuma ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a lokeshin ɗin fim ɗin "Rust". Saboda haka ta fim a toshe bututun ta gaba ɗaya, ƙara da hayaƙi a bar wa edita. Dokar makamai ta 1959 ma ba ta yarda a ƙera mai tashi ba sai da izinin 'yan sanda.

Kuma a yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, ba a ratsa gonaki da abu mai kama da makami ba tare da an sanar da mai gari da jami'an tsaro ba. Darakta ya samu hoton da ya ke so, jarumi kuma ya koma gida lafiya.